Hattara da mai tallar tsofaffin kwabban Amurka na 1799 da 1804

Jama'a masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi, musamman 'yan uwa mazauna Amurka, ku buɗe ido. Akwai wani mutum da ke yawo a shafukan saye da sayarwa yana tallar manyan kwabban tagulla na senti ɗaya, waɗanda aka riƙa bugawa a Filadelfiya daga 1793 zuwa 1857. Faɗinsu ya kusa na tsohon kwabonmu mai huji. Sunan mutumin kullum canzawa yake, amma tatsuniyarsa ɗaya ce: wai kakansa ya rasu ya bar masa gwangwani cike da su, shi bai san kansu ba, kuɗi kawai yake nema da gaggawa. Saura ƙiris wani abokina ya tura masa dala 900 a kan kwabo guda na 1804. Allah Ya taimake shi ya fara turo mini hotunan.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, mutumin da ya ce bai san komai ba, sai ga shi a ƙarƙashin kowane hoto ya rattaba lambar nau'i da matakin ƙaranci. Ga wanda bai saba ba, a wancan zamani da hannu ake gyara hatimin ƙarfen da ake buga kuɗin da shi, don haka ba a samun biyu da suka zo daidai. Wani harafinsa ya karkace, wani ganye ya matso kusa da rubutu, wani hatimin ya tsage ya bar layi a jikin kowane kwabo da ya buga. Duk haɗuwar hatimin gaba da na baya nau'i ne mai zaman kansa. Wani masanin waɗannan kwabbai, William Sheldon, shi ne ya jera na 1793 zuwa 1814 a littafinsa na 1949, lambobin suka tashi daga S-1 har S-295, kuma ya kasa ƙaranci daga R-1, wato mai yawa, zuwa R-8, wanda ɗaya zuwa uku kaɗai aka sani a duniya. Kwabo biyu masu shekara ɗaya sai ka ga ɗaya kuɗin cefane ne, ɗaya kuɗin mota. Wannan lambar ita ɗan damfarar nan yake sayarwa, don ya san yawancin mutane ba za su zauna su duba kwabon da kansa ba.

A kan na 1804 ɗin ya rubuta R-6, matakin da ke nufin tsakanin 13 da 30 ne suka rage. Ƙarya ce tsagwaronta. Hatimi ɗaya na gaba da ɗaya na baya aka yi amfani da su a wannan shekara, nau'in S-266, kuma ɗaruruwa ne a hannun mutane. Tsadarsa daga yawan masu nema take. Alamar da kowa ke fara dubawa kuwa ita ce, sifirin da ke cikin 1804 yana daidai saitin harafin O na kalmar OF da ke ɗaya fuskar. Na ce wa abokina ya nemi ɗan bidiyo ana juya kwabon a hankali. Sai uzuri ya fara: yau waya ta lalace, gobe wani mai saye yana jira. Da na ƙara girman hoton sai na ga fatar tagullar kewaye da lambar 4 ta fi sauran santsi da duhu. Aikin da aka saba ke nan, a ɗauki na 1801 a mayar da lambar ƙarshe 4. Haka ake yi wa na 1798 a mayar da shi 1799, wanda shi ma nemansa ake ruwa a jallo.

Inda ya tona wa kansa asiri gaba ɗaya shi ne da na ga kwabon 1815 a cikin kayansa. Babu senti mai wannan shekara, ba a taɓa buga shi ba. Yaƙin 1812 tsakanin Amurka da Birtaniya ya datse tagullar da ake kawowa daga kamfanin Boulton a Birmingham ta Ingila, har abin da ke ƙasa ya ƙare.

Kada wani ya ce ai ya riƙe kwabon a hannu ya ji nauyi. A ɗora a sikeli. Na 1793 zuwa 1795 giram 13.48 aka ƙayyade musu, daga ƙarshen 1795 aka rage zuwa 10.89, sai ɗan abin da gogewa ta ci. A duba gefe kuma. Akwai jabun da ake yi da ɓawon tagulla biyu a cika tsakiya da dalma, za ka ga siririn layin haɗi ya zagaye gefen, in ka ɗan ƙwanƙwasa kuma ƙararsa a dushe take. Tun 1973 dokar Amurka ta wajabta a buga kalmar COPY a jikin kwaikwayo, to wasu kankare ta suke yi su shafa wa wurin baƙi.

Biyu daga cikin kayan mutumin nan suna cikin rufaffen akwatin roba irin na kamfanonin tantancewa. Su ma akwatunan ana yin jabunsu, har da satar lambar shaida ta gaske. Shigar da lambar a shafin kamfanin bai isa ba, sai ka kwatanta hoton da ke can da naka, tabo da tabo. Harkar nan dai tun asali sai da taka-tsantsan. Shi kansa Sheldon, bayan rasuwarsa a 1977 aka gano ya musanya wasu kyawawan kwabbai na wata cibiyar nazarin kuɗi a New York da nasa marasa kyau.

Ɗan damfarar nan ba ya karɓar biya ta hanyar da za a iya mayar da kuɗi, sai katin kyauta ko tura kuɗi kai tsaye. Da abokina ya ce a haɗu a shagon dillalin tsofaffin kuɗi a duba, nan take ya toshe shi. Bayan mako biyu na sake ganin hoton nan na 1804, da karcensa a kumatun matar da aka zana a jikin kwabon, amma da sabon suna, kuma wannan karon kaka mace ce ta rasu.