Hattara da mai tallar "asalin Larabcin" labarin Vathek

Masu sha'awar tsofaffin littattafai, ku buɗe ido. Akwai wani mutum da ke zagaya zaurukan WhatsApp yana tallar abin da ya kira asalin rubutun hannu na Larabci na labarin Vathek, haɗe da bugun Turanci na 1786. Wai ka tura kafin alƙalami ya ajiye maka, cikon kuɗin sai kaya sun iso daga Landan. Wani abokina malamin adabi saura ƙiris ya tura, Allah ya sa ya fara nuna min hotunan littattafan da mutumin yake tallatawa.

Wannan Larabcin bai taɓa wanzuwa ba. William Beckford, ɗan Ingila, shi ya ƙaga labarin da Faransanci a 1782, ya aro sunan halifa Al-Wasiƙ na daular Abbasiyya ya ɗora wa tauraronsa. Samuel Henley ya mayar da shi Turanci, ya buga a Landan a 1786 ba da yardar Beckford ba, ya ɓoye sunan marubucin, ya nuna kamar daga wani rubutun Larabawa aka kwaso. Wato ƙaryar da aka shirya wa Turawa shekara fiye da 230 da suka wuce, ita ce wannan bawan Allah ya kakkaɓe wa ƙura yake sayar mana. Abin ya ƙona min rai, domin da ƙaunarmu ga Larabci yake farautarmu.

Ya kuma ce yana da tsohon Larabcin labarin Aladdin. Nan ma ku tsaya. Antoine Galland, wanda ya fitar da Dare Dubu da Ɗaya da Faransanci tsakanin 1704 da 1717, ya samo labarin Aladdin ne daga Hanna Diyab, mutumin Halab ta ƙasar Siriya, a Paris a 1709, ya saka shi a cikin littafin. Rubuce-rubucen Larabcin da suka ɓullo daga baya, masana sun gano na jabu ne.

Shi kansa bugun Turancin da ke hotunan, takardarsa ta tona asiri. Takardar wancan zamani da tsumma ake yin ta, in ka ɗaga ta a haske za ka ga layuka a jikinta, kuma haruffa suna ɗan nutsewa saboda dannawar injin buga littafi. Tasa kuwa sumul take, an jiƙa ta da ruwan shayi ta yi ja, har tabon yana nan a gefe.

Abokina ya nemi ya nuna masa littafin ta kiran bidiyo, yana ɗaga shafi a haske. Sai uzuri ya biyo uzuri: yau ba intanet, gobe kayan suna wurin ɗan'uwansa. Daga ƙarshe ya toshe lambar abokina. In ya shigo zaurenku, kada ku tura masa ko kwabo, ku sanar da shugaban zaure ya cire shi.