Zanen matakalar masana'anta da Faransanci: manhaja ko takardar ISO?

Malam, ka tambaya ko manhajar fassara za ta ishe ka karanta zanen matakalar masana'anta da aka yi da Faransanci. Tunda zanen daga Yamai ya zo kuma a Kano za a yi waldar, ka bar zancen biyan kuɗin manhajar fassara, ka sayi takardar ƙa'ida ta ISO 14122-3. Kwafi biyu za ka saya, na Faransanci da na Turanci, bugun 2016.

Ita ce ke hannuna, kuma ta daɗe da fanshe kuɗinta. Wannan kashi na uku shi ne na matakala da shingen kariya a wurin hawa kan injuna, kuma ISO, hukumar ƙa'idojin aiki ta duniya, da kanta ta fitar da shi a harsunan biyu. Lambar sashe ɗaya ce, hoto ɗaya ne. In ka ga giron a na Faransanci, sai ka buɗe wannan lambar a ɗayan ka tarar da going, wato nisan da ke tsakanin bakin taki da bakin na gaba. Haka volée take zama flight (jerin taki a hawa ɗaya), échappée headroom (sararin da ke saman kai), nez de marche nosing (bakin taki), limon kuma string, ko stringer yadda masu aikin ƙarfe suka fi faɗa (ƙarfen gefe mai riƙe da taki). Babu wurin cinke.

Akwai wata matakala da muka haɗa wa wata masana'antar man gyaɗa ta wajen Maraɗi. Injiniyansu ya zo duba aiki, ba ya jin Turanci, shugaban masu waldarmu a Sharaɗa kuma ba ya jin Faransanci, sai suka kama gardama da Hausa, kowa na rantsuwa awonsa ne daidai. Ashe dattijon namu faɗin farantin da ake takawa gaba ɗaya yake aunawa, alhali giron daga bakin taki zuwa bakin na gaba ne a kwance, ban da ɗan abin da na sama ya rufe na ƙasa, wanda ƙa'ida ta ce kada ya gaza milimita 10. Ƙaramin abu ne a ido, amma a taki goma sha biyar ya zama santimita 15, abin da zai sa ƙafar matakala ta sauka gefen kankaren da aka zuba mata. Na shimfiɗa musu kwafin biyu a kan benci, kowa ya ɗora yatsa a kan hoto ɗaya. Dattijon ya yi dariya, ya aika yaro sayen shayi, aka gyara awo tun ba a yanka ƙarfe ko ɗaya ba.

Wani abin da na fi so, lambobin cikinta suna kama maka fassarar da ta kauce. Giron haɗe da ninki biyu na tsayin taki dole ya faɗa tsakanin milimita 600 da 660. Shinge, wato garde-corps, ba ya gaza 1100. In abin da ka fassara bai yi daidai da waɗannan ba, ka koma ka duba.

Manhajar kuwa, na taɓa biya mata, kuma ta iya wasiƙa da takardar neman kuɗi, wannan na ba ta. A kan zane kalma ita kaɗai take tsaye babu jimla, sai ta ɗauko ma'anar da ta fi yawo. Palier, inda ake hutawa tsakanin hawa da hawa, yana iya fito maka da bearing, boris ɗin makanikai. Plinthe ta koma skirting na gindin bangon ɗaki, alhali toe plate ce, ƙarfen nan mai tsayin aƙalla milimita 100 da ke tare sifana kada ta faɗo wa na ƙasa a ka. Lisse, ƙarfen shinge na kwance, ta zama smooth. Main courante ma, 'yan'uwanmu na Nijar sun san a ofishin 'yan sanda sunan littafin shigar da ƙorafi ne, a nan kuwa handrail ce, ƙarfen da ake dafawa.

In zanen yana da caillebotis, ƙarfen daɓe mai raga, wannan a kashi na biyu yake. Tsani mai crinoline, wato kejin kariya da ke zagaye mai hawa, a na huɗu. Kada kuma ka yarda wani ya cusa maka awon Amurka don wai shi ma Turanci ne: inci 42 nasu milimita 1067 ne, bai kai 1100 ba.

Sai ka yi hattara da masu tallar PDF a WhatsApp da Telegram. Wasu tsohon bugun 2001 suke sayarwa an sauya masa bango, wasu an cire shafukan hotuna. Akwai kuma masu cewa su ƙwararrun tafintoci ne, su karɓi kuɗinka su zuba zanen a manhajar da kake gudu. Wanda duk ya zo maka, ka tambaye shi bambancin giron da faɗin taki kafin ka ba shi ko sisi. Takardar kuwa ka saya kai tsaye daga ISO, ko AFNOR ta Faransa, ko BSI ta Birtaniya.