Na je Chatsworth House, kuma lambun ne ya tafi da ni

Duk wanda ke zaune wajen Sheffield ko Manchester ko kuma ya shigo Ingila ziyara yana neman inda zai je ya sha iska, to ga shawara, ya nufi Chatsworth, wani katafaren tsohon gida mai lambu. Yana yankin Derbyshire ne kusa da garin Bakewell, a bakin kogin Derwent. Ni daga Sheffield na hau bas, hanyar duk tsaunuka da tumaki, kafin ka ankara sai ga gidan can ƙasa yana ƙyalli, don wasu tagoginsa ruwan zinare aka shafa musu. Zinare fa na gaske.

Gidan na zuri'ar Cavendish ne, sun sayi filin tun 1549 kuma har yau suna ciki, mai gidan na yanzu shi ne Duke na Devonshire na 12 (Duke wata babbar sarautar gado ce a Ingila). A nan ma aka taɓa tsare Sarauniya Mary ta Scotland, sai dai ginin da ake gani yau ba shi ne na lokacinta ba, Duke na farko ne ya sake shi daga wajen 1687.

Cikin gidan dai masha Allah, amma gaskiya idona ya gaji da wuri, ɗaki bayan ɗaki kowanne da zane har saman rufi, wuya sai da ya yi tsami. Abu biyu ne suka tsaya min a rai. Akwai wata ƙofa da za ka rantse goge irin na Turawa aka rataye a jikinta, ashe zane ne kawai. Sai mutum-mutumin wata mace mai lulluɓi da Raffaelle Monti ya sassaƙa da dutsen marmara, mayafin nan dutse ne amma kana hango fuskarta ta cikinsa, na daɗe a tsaye wallahi. Ga masu zuwa da yara, a sani akwai mutum-mutumi da zane-zane marasa sutura da yawa, haka al'adarsu take, kowa ya san yadda zai yi da nasa.

To lambun. Eka 105 ne, kuma rabin labarinsa labarin mutum ɗaya ne, Joseph Paxton, ɗan manomi da Duke na 6 ya ɗauko ya naɗa shi sarkin lambu a 1826 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Da aka ce Sarkin Rasha Nicholas na 1 zai kawo ziyara a 1844, sai Paxton ya sa aka haƙa tafki a kan tudun bayan gidan aka jawo bututu har ƙasa, ba inji ba komai, nauyin ruwan ne kaɗai ke tunkuɗa shi sama, kuma ya taɓa kaiwa kusan mita 90. Shi kuma baƙon da aka yi wa duk wannan wahala bai zo ba! Har yau Emperor Fountain ake ce wa ruwan nan mai tashi sama. Ba kullum ake sake shi da dukkan ƙarfinsa ba amma ko a haka in iska ta juyo sai ta jiƙa ka, kar ka tsaya kusa da waya a hannu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganar ayaba. Irin ayabar da ta cika manyan kantuna a Turai da Amurka sunanta Cavendish, sunan mutanen gidan nan, don a nan Paxton ya rene ta cikin ɗakin gilashi a shekarun 1830, a ƙasar da rana ke yi wa mutane rowa. Ya kuma gina wani makeken ɗakin gilashi na shuke-shuken ƙasashe masu zafi wanda sai an yi ta ƙona gawayin kwal kafin ya ɗumama, bayan yaƙin duniya na farko aka kasa riƙe shi, a 1920 aka rushe. Yanzu a gurbinsa akwai shingen shuke-shuke mai lungu-lungu da ake shiga a ɓace, yara na ta ihu a ciki iyaye na bin su. Paxton ɗin nan dai shi ya zana Crystal Palace, katafaren ginin gilashin da aka yi a Landan don baje kolin 1851. Kada kuma a wuce lambun duwatsu, manya-manyan duwatsun nan da ka ɗauka Allah ne ya ajiye su a wurin, mutane ne suka jera su.

Na tambayi kaina ta yaya gida irin wannan bai zama kango ba. Ashe ya kusa kuɓuce musu, da Duke na 10 ya rasu a 1950 harajin gado kashi 80 cikin ɗari aka ɗora musu, sai da suka rabu da filaye da kayan tarihi da wani gidan nasu, Hardwick Hall. Daga 1981 wata gidauniya ce, Chatsworth House Trust, ke kula da gidan da kuɗin masu ziyara, su kuma iyalin haya suke biya a ɓangaren da suke zaune. Wannan ya sa ban ji zafin kuɗin tikiti ba.

Ku sayi tikitin ta intanet tun kafin ku taso, ku sa takalmin tafiya da rigar ruwa ko da kun ga rana. Ni da guzurina na je, na samu gefe a kan ciyawa na ci na yi sallar azahar, ba wanda ya ko kalle ni sai tumaki. In lokacinku kaɗan ne ku yanki tikitin lambu kawai, in kuma za ku haɗa duka to ku fara da cikin gida da safe tun ƙafa na da ƙarfi, don lambun akwai hawa.