Gonar daikon a wasan Ōkami HD

Ōkami wasa ne na kamfanin Capcom da ya fara fitowa a PlayStation 2 a 2006. Ni sigar HD na buga a Nintendo Switch, wadda ta fito a 2018. Kai ne Amaterasu, wadda tatsuniyoyin Japan ke kira uwargijiyar rana, ta sauko duniya a siffar farin kyarkeci domin ta yaƙi Orochi, maciji mai kai takwas. Zanen wasan kamar da tawada da buroshi aka yi shi a kan takarda, kuma har yau kyansa bai dusashe ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wata 'yar gona ce a ƙauyen Kamiki, inda labarin ya soma. An shuka daikon a cikinta, wato wani farin saiwa mai kama da karas, sai dai ya fi shi tsawo da kauri nesa ba kusa ba. Mutanen Japan na dafa shi a romo lokacin sanyi, suna goga shi ɗanye a gefen gasasshen kifi, suna kuma jiƙa shi da gishiri ya daɗe bai lalace ba. Abincin kowa da kowa ne, shi ya sa ganinsa a bayan gida ya sa na yarda cewa mutane ne ke zaune a ƙauyen nan.

Wani yaro, Mushi, yana alfahari da karensa Hayabusa, wanda ya taɓa tone daikon guda 9 a jere. Kai kuma sai ka tone 10. Matsalar ita ce uwar yaron, mai gonar, tana tsaye tana gadi. Da ka fara tono za ta biyo ka a fusace, in ta make ka kuwa lissafi ya koma farko. Dole ka ja ta can ƙarshen gona, ka zagayo da gudu, ka tone ɗaya, ganyen na rawa ƙasa na tashi, ka sake arcewa. Na goman yana da wata siffa daban, shi za ka kai wa yaron. Na ji tausayin matar ƙwarai, domin guminta ne ake tonewa.

Ladan da ake samu shi ne yabo, kuma da yabon mutane da dabbobi Amaterasu ke ƙara ƙarfi. Wannan tsari ya burge ni: ciyar da tsuntsaye, rayar da busasshiyar bishiya, faranta ran yaro, duk suna da amfani kamar faɗa.

Inda na ɗan gaji shi ne surutun Issun, ɗan mitsitsin abokin tafiyarka, musamman a farko. Faɗace-faɗacen ma ba su da wuya sosai. Wanda ke neman wasa mai zafi ba lallai ya gamsu ba, amma mai haƙurin karatu da son yawo a ƙauyuka, ina ba shi shawara ya saya. Ana samun sa a kwamfuta da PlayStation 4 da Xbox One ma.