Na ga samaniyar Katsina a cikin ɗaki a Amurka

Ranar farko ma ba mu samu shiga ɗakin taurari ba. Minti bakwai muka makara, muka tarar an rufe ƙofa, wata ɗaliba da ba ta wuce sa'ar autarmu ba tana tsaye a bakin wurin. Na nuna mata tikiti a waya, na ce mata ga dusar ƙanƙara ta cika hanya, ga wahalar samun inda za a ajiye mota. Ta saurare ni har na kai aya, ta ba ni haƙuri, amma ta ce ƙofa ba za ta buɗu ba. Ido, in ji ta, yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, in ta buɗe haske ya faɗa ciki ta ɓata wa duk waɗanda suka zo a kan lokaci. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga ɗiyata mai shekara tara ta fara hawaye a gaban mutane. Sai ta mayar mana da tikitin zuwa Asabar mai zuwa, ba ta karɓi ko sisi ba.

A mota na yi ta juya abin. Da a gida ne da an buɗe. Wani zai matso ya ce a duba girman Alhaji, a turo ƙofa, in shiga ina haska kujeru da fitilar waya, mutum ɗari su haɗiye haushi saboda ni kaɗai. Kuma da na ji daɗi, abin da ya fi damuna ke nan.

Wurin da nake magana shi ne abin da suke kira filanetariyum, ni dai ɗakin taurari nake ce mashi. A cikin jami'ar garin da muke zaune yake. Ɗaki ne zagayayye, rufinsa kamar an kife ƙatuwar ƙwarya, ko in ce cikin tulluwar soro, kujerun kuma a kishingiɗe suke don fuskarka ta kalli sama. Majigi ne ke zuba taurari a jikin rufin, kowane a mazauninsa na gaskiya. Jamusawa suka fara ƙera irin wannan majigi, kamfanin Zeiss a garin Jena, a 1923, na farko a Amurka kuma aka buɗe shi a Shikago a 1930. Kada a ɗauka wasan yara ne. A irin wannan ɗaki na jami'ar Karolaina ta Arewa aka koya wa 'yan sama jannatin da suka je wata yadda za su gane hanya da taurari ko da na'ura ta ba su matsala.

Kuɗin shiga bai kai na farantin abinci a nan ba, na yara kuma ya fi sauƙi. Amma abin da na fara lura da shi tun kafin mu zauna: babu wanda ya tare ni ya ce wa nake nema. Jami'ar ko ƙofa ba ta da ita. Tsofaffi da sanduna, mata da goyo, direban babbar mota da kayan aikinsa a jiki, kowa ya shigo kamar gidan ubansa. Mu kuwa mun zagaye namu da katanga, mai gadi ya tsare ka da tambaya kamar ka zo sata, kuma manomin da aka karɓi gonarsa aka gina makarantar zai mutu bai taɓa sanin abin da ake karantawa a ciki ba.

Asabar ɗin mun iso da rabin awa a hannu. Ɗalibar nan ce dai ke riƙe da na'urar. Ta fara nuna mana saman garin yadda yake a daren, taurari 'yan ƙalilan da za ka iya ƙirgawa da yatsu, saboda fitilun birni sun cinye sauran. Sai ta ce bari ta kashe fitilun gari. Duhu ya sauka, taurari suka ɓarke ko'ina, har da farin zanen nan da ke ratsa tsakiyar sama kamar hayaƙi. Ɗakin ya ɗauki sowa. Wata dattijuwa a gefena ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin haka ba. Ni ban yi sowa ba, ƙirjina ne ya yi nauyi. Wannan ai shi ne rufin da muke kwana ƙarƙashinsa a tsakar gida da bazara in an ɗauke wuta, a kan tabarma, kyauta. Su sai sun sayi tikiti.

Tana cikin bayani ta ɗora jan ɗigo a kan wani tauraro mai ja-ja ta ce sunansa Aldebaran. Na ji sunan ya buga mani kunne. Dabaran! Kakana, Allah ya jiƙansa, da shi yake ƙirgar shekara a zaurensa: Surayya, Dabaran, daga nan a shiga taurarin damina. Taurari 28 ne, kowane kwana 13, da su yake gaya wa manoman wajen Batagarawa ko ruwan da ya sauka na shuka ne ko na yaudara. Ita kanta ɗalibar ta faɗa da bakinta cewa yawancin sunayen manyan taurari daga Larabci suka samo su. Surayya kuwa ita ce Kaza da 'ya'yanta da kowane yaro a Katsina ya sani. Ta ce hasken da muke gani daga gare ta ya yi shekara wajen 440 yana tafiya, alhali haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Na ce Subhanallahi a fili, har na gabana ya waiwayo.

Da aka zo wajen tambayoyi ta ce ko akwai wanda ya fito daga nesa, ta nuna mashi saman garinsu. Kafin in motsa ɗiyata ta ɗaga hannu ta ce Katsina, a Najeriya. Ɗalibar ta sa aka faɗa mata haruffan, ta danna. Sai sama gaba ɗaya ta fara mirginawa a hankali. Tauraron arewa, wanda a nan yake tsaye digiri 40 daga ƙasa, ya yi ta gangarowa har ya tsaya a 13, dab da inda kan itatuwa zai kai. Daga kudu kuma wani farin tauraro mai ƙarfi ya taso, wanda ta ce a garin nan ba ya leƙowa ko sau ɗaya a shekara, su suna ce mashi Kanofus, Larabawa kuma Suhailu. Na san shi. Ban san sunansa ba a lokacin, amma na san shi kamar yadda ka san fuskar maƙwabci. Shi ne ke tsayawa bisa katangar kudu ta gidanmu da hunturu in hazo ya yi sauƙi. Shekara goma sha ɗaya rabona da shi, kuma ban ma san na rasa shi ba sai daren nan. Hawaye suka zubo mani, na gode Allah da ɗakin ke da duhu.

Nan ɗiyata ta jawo hannun rigata. "Baba, wannan mene ne sunansa da Hausa? Wancan fa?" Na ba ta Kaza da 'ya'yanta. Na ba ta Zara matar wata, da Gamzaki mai fitowa da asuba, waɗanda ashe abu guda ne, duniyar Zuhura ce take sauya lokacin fitowa. Daga nan na ƙare. Jikan mai ƙirga taurari 28, ga digiri biyu a aljihu, uku kacal na iya miƙa wa ɗiyata.

Wannan kunya ba tawa ba ce ni kaɗai. Mu ne fa mutanen hasumiyar Gobarau. Daga ƙasarmu Malam Muhammadu al-Katsinawi ya fito, masanin lissafi da falaki, wanda ya rubuta littattafansa da Larabci ya rasu a Alƙahira a 1741. A nan na tarar da sunansa cikin tarihin lissafin Afirka, a gida kuwa har na gama sakandare ba wanda ya ambata mani shi. Muna kai baƙo gindin hasumiya ya ɗauki hoto, mu ce a da nan cibiyar ilimi ce, shi ke nan. 'Yan boko sun raina ƙirgar taurari sun ce ta tsofaffi ce, wasu malaman kuma sun haɗa ta da duba sun yi mata kuɗin goro, alhali sanin lokacin shuka da alƙibla da tsayuwar wata daban, bokanci daban. Tsakanin waɗannan biyun ilimin ya zube.

Ku tuna kusufin rana na 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu da hantsi har kaji suka nufi akurki. Turawa sun biya kuɗin jirgi zuwa Libiya da Turkiyya don ganin abin da ya zo mana har ƙofar gida. An yi sallar kusufi, madalla. Amma yara nawa aka tara aka yi wa bayanin cewa wata ne ya gifta tsakaninmu da rana? A unguwarmu dai cikin ɗaki aka kulle mu.

Bayan an tashi aka ce akwai wasan leza, kuma tikitinmu ya haɗa da shi. Gaskiya wannan bai kwanta mani ba. Kiɗa ne mai ƙara har kujera na rawa, ga zaren haske ja da kore da shuɗi suna zana siffofi a rufin. Gwaninta kam akwai ta: ɗigon haske ne guda, ƙananan madubai ke wulwula shi da saurin da ido ke ganin kamar zane ne tsayayye. Amma a ɗakin da yanzun nan mutum ya gama ganin girman halittar Ubangiji, a ce an koma kiɗan da ba ka jin maganar na kusa da kai? Matasa sun cika wurin fiye da na farkon, har da waɗanda ba su san zaman mutunci a gaban yara ba. Minti goma na ja ɗiyata muka fito. A waje ɗalibar ta ce mani da kuɗin wannan wasan suke sauƙaƙa wa 'yan firamare da ake kawowa da safe. Na fahimta, amma ba zan sake zama ba. Ga shi na nemi inda zan yi Isha na rasa, sai a lungun matakala na shimfiɗa rigar sanyi.

Abin da ya biyo baya ya wanke mani rai. Sun fito da madubin hangen nesa farfajiya, kyauta, kowa ya bi layi cikin sanyin da ke yanka kunne. Muka ga duniyar Mushtari da 'yan watanninsa huɗu jere kamar ƙwayar gero. Madubin nan bai fi ƙarfin abin da ake kashewa a kamu da dina na biki ɗaya a Katsina ba. Ba sai mun gina ƙubba ba ma, tamu tana nan a kife bisa kanmu, ta fi tasu. Malami guda da madubi guda a filin makaranta bayan Magariba ya isa. Na san a ƙauyukanmu da yawa yanzu dare ya zama abin tsoro, ba mai zama waje kallon sama, kuma wannan ma yana cikin abin da aka ƙwace mana. Amma cikin birni fa, me ya hana?

Washegari na kira Kawu, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka zauna gaban Malam, kakana. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, Allah ya ƙara lafiya, taurarin nan na Malam nake so ka karanto mani." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai da ke Amurka, me za ka yi da su?" Na ce jikarsa ce ke tambaya. Ya gyara murya ya fara daga na damina: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Ɗiyata na gefena da biro tana rubutawa, tana cewa, "Kaka, a hankali." A taurarin kaka ya kakare bayan Simaku, ya ce in ba shi zuwa Juma'a, akwai wata takarda cikin gafakar Malam, in gara ba ta cinye ta ba.