Mutum-mutumin roba na koyon sassan jiki: ya cancanci kuɗinsa?

A shagunan kayan asibiti na Jidda ana samun mutum-mutumi mai tsayin santimita 45, daga kai zuwa ƙugu, wanda kayan cikinsa ke fita ɗaya bayan ɗaya. Ga 'ya'yanmu masu karatun jinya, ya fi hoton littafi amfani nesa ba kusa ba.

Inda ya yi fice shi ne kogunan jiki. Ka cire murfin gaba, ka ga kogon ƙirji a sama, huhun dama mai ɓangare 3, na hagu mai 2, zuciya a tsakaninsu. Tsokar da ta raba ƙirji da ciki ta fito sarai. Ƙarƙashinta hanta na dama, saifa na hagu. Sai ka fitar da hanji kafin ƙoda ta bayyana, domin a baya take, ta dama kuma ta ɗan fi ta hagu sauka saboda hanta. Nan ɗalibi zai gane cewa dama da hagu na majiyyaci ake nufi, ba na mai kallo ba, rikita su ne kuskuren da ke sa a rubuta ciwon gefe a inda ba shi ba.

Amma ba a zana layukan da ke raba ciki kashi 4 ta cibiya ba. Sai ka ja da alƙalamin allo. Ba hannu ba ƙafa, don haka ba a koyon wane sashen gaɓa ne kusa da gangar jiki, wane ne nesa da ita. Kada a bar shi cikin mota: zafin rana na lanƙwasa robar, hantar ta daina zama a gurbinta.