WhatsApp Business a Teburin Taimakon Shari'a: Inda Ya Yi Rana da Inda Ya Gaza

Talakan da ba shi da kuɗin lauya ba ya zuwa ofishin taimakon shari'a da wuri. Sai an yi kwana goma da kama ɗansa, an ci kuɗin beli sau biyu, an riga an rubuta wa yaron bayani ya dangwala yatsa, sannan wani ya ce masa ai akwai lauyoyin kyauta a birni. Abin da ya sa na ɗauki WhatsApp Business da muhimmanci ke nan bayan na yi aiki da shi wajen karɓar koke: yana rage tazarar da ke tsakanin ranar kamu da ranar da labari zai isa kunnen lauya. A wannan fanni na ba shi maki mai yawa. A matsayin wurin ajiye fayil da hujja kuwa, ban yarda da shi ba, kuma zan faɗi dalili.

Manhajar kyauta ce, kuma daban take da WhatsApp ɗin da kowa ke hira da shi, amma mai koke ba ya bukatar sauke komai. Da nasa na yau da kullum zai turo saƙo. Ofis ne kawai zai sa ta a waya ɗaya mai layi na musamman, a rubuta sunan ƙungiya da adireshi da lokutan aiki, sannan a haɗa ta da wasu na'urori har huɗu, ta yadda lauya da mataimakinsa da mai kula da rajista za su riƙa ganin saƙo ɗaya. Shawarata a nan: kada a sa layin wani ma'aikaci. Ranar da ya bar aiki, ya tafi da lambar da duk ƙauyuka suka haddace.

Babban ƙarfinta saƙon murya ne. Matar da ba ta karatun boko, ba ta iya cike fom a shafin intanet, za ta iya danna alamar makirufo ta yi bayani da bakinta, kuma saƙon minti ɗaya bai kai rabin megabait ba, ko da sabis mai rauni yana wucewa. Sai dai saƙon da ke shigowa yakan zama kamar haka: "Salamu alaikum Barista, ina wuni, ya aiki, ya iyali. Ranka ya daɗe wallahi yarona ne aka zo aka tafi da shi, yaron nan bai taɓa faɗa da kowa ba, kowa a unguwa ya san shi." Minti huɗu, babu sunan yaro, babu sunan caji ofis, babu ranar da aka kama shi. Manhajar ba ta mayar da muryar Hausa zuwa rubutu, ba a kuma iya binciko kalma a cikin murya, don haka dole mutum ya zauna ya saurara ya rubuta. Idan saƙo talatin suka shigo a yini, an ci sa'a biyu a sauraro kaɗai.

Abin da ya rage wannan wahala shi ne a naɗi tambayoyin da murya, a ajiye, a riƙa tura wa duk wanda ya yi sallama. Akwai saƙon maraba da manhajar ke aikawa da kanta, amma rubutu ne, wanda aka yi domin shi kuwa sau da yawa ba zai iya karantawa ba. Tambayoyin su zama gajeru: cikakken sunan wanda aka kama kamar yadda yake a katinsa da kuma sunan da aka fi saninsa da shi, ranar kamu da lokaci, wace hukuma ce ta kama shi, wane ofis aka kai shi, me aka ce ya yi, wa ya kai ƙara, an riga an ɗauki bayaninsa ko a'a, akwai rauni a jikinsa, yana shan wani magani. Tambayar wace hukuma ba wasa ba ce. A bakin jama'a duk mai kaki ɗan sanda ne, alhali yana iya zama jami'in hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, ko na Sibil Difens, ko Hisba, ko 'yan sintirin unguwa, kuma kowanne ƙofarsa daban.

Ranar kamu da lokacinta su ne ginshiƙin komai. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko lokacin da kotu ta ga ya dace. Wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne bai shiga wannan sassauci ba, don haka kada mai amsa saƙo ya yi wa uwa alkawarin gobe ɗanta zai fito kafin ya ji abin da ake tuhuma. Sashen ya kuma ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya. Wannan jumla ɗaya, in ta isa ga dangi a daren farko suka isar masa lokacin kai abinci, ta fi takarda goma da za a rubuta bayan wata guda.

Akwai amsoshin da ake iya tanada a manhajar, a kira su da gajeriyar kalma bayan alamar /. Waɗanda na ga sun fi amfani su ne masu faɗa wa mutum abin da doka ta hana ƙarara. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 a sashe na 7 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, wato ba a ɗaukar uba don ɗa ya gudu. Sashe na 8 ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Sashe na 167 ya ce ba za a hana mace tsaya wa wani beli don tana mace ba. Wannan doka ta tarayya ce, tana aiki a Abuja da kotunan tarayya, jihohi kuma sun yi nasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019, kuma lambobin sassan da wasu wa'adodin sukan bambanta. Saboda haka wanda zai rubuta amsar da za a riƙa turawa ya buɗe dokar jiharsa, kada ya kwafo ta Abuja ya liƙa.

Alamomi masu launi da ake liƙa wa kowace hira suna taimakawa wajen rarrabe aiki: yana caji ofis, an kai shi kotu, yana gidan gyaran hali, aure da ciyarwa, gado da fili, an rufe. Amma alama ba ta buga ƙararrawa. A dokar tarayya umarnin farko na ajiye mutum a gidan gyaran hali kafin shari'a ba ya wuce kwana 14, sannan a dawo kotu a sake dubawa. Alamar ba za ta tuna maka ranar ba. Hira tana nutsewa ƙasa da zarar sababbi sun shigo, kuma wanda danginsa suka gaji suka daina turo saƙo shi ne zai fi nutsewa, shi ne kuma ya fi bukatar a tuna da shi. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, da yawansu ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a ne kan fayil ɗin da babu mai bin sawunsa. Dole a sami rajista a waje, ko littafi ko jadawalin kwamfuta, mai ɗauke da lambar ƙara, sunan kotu, da ranar zama ta gaba, a riƙa buɗe ta kowace safiya.

Batun takardu ne ya fi ba ni ciwon kai. In aka turo hoton sammaci ko takardar saki ko takardar cinikin gona yadda aka saba tura hoto, manhajar tana matse shi don rage nauyi. Manyan haruffa za su fito, amma hatimi da kwanan wata da lambar ƙara da aka rubuta da biro sukan dushe, bayanan ranar da aka ɗauki hoton ma suna gogewa. Maganinsa a tura hoton a matsayin fayil, ta alamar maƙala takarda, sai ya iso yadda yake. Koya wa dattijo wannan ta waya aiki ne, shi ya sa yake da kyau kowane gari a sami mutum ɗaya, malamin makaranta ko mai shagon cajin waya da aka amince da shi, wanda ya iya: a shimfiɗa takarda a ƙasa mai haske, a ɗauka daga sama kai tsaye, gefe huɗu su fito, a juya baya ma a ɗauka, domin a bayan sammaci ne sau da yawa ake rubuta ranar da aka miƙa shi.

Mutane na ɗauka cewa hoton allon hira hujja ce da alƙali zai karɓa nan take. A babbar kotu da kotun majistare ba haka ba ne. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kan duk abin da ya fito daga na'ura: a bayyana wace na'ura ce, yadda aka fitar da takardar, da cewa tana aiki daidai a lokacin, ta hanyar takardar shaida mai sa hannu ko bayanin baki a gaban kotu. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi yarda da shafukan jarida da aka buga daga intanet saboda rashin cika waɗannan sharuɗɗa. Ma'anarsa a aikace, matar da mijinta ya turo mata saki ko barazana ta WhatsApp kada ta sayar da wayar, kada ta goge hirar, kada ta wadatu da tura wa ofis kwafi. Saƙon da aka tura gaba yana rasa sunan wanda ya fara aiko shi da lokacin. A fitar da hirar gaba ɗaya zuwa fayil tun ranar farko, domin wanda ya aiko saƙo yana da kusan kwana biyu da zai iya goge shi daga wayoyin duka biyu. A duba kuma ko an kunna saƙo mai ɓacewa, wanda ke share hira bayan sa'a 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Kotunan shari'ar Musulunci a ƙarar aure da gado suna bin nasu ƙa'idojin na iƙirari da shaidu da rantsuwa, amma can ma waya a hannu ta fi labari.

Sirri kuma magana ce mai fuska biyu. Saƙon a kulle yake tsakanin waya da waya, gaskiya ne. Amma wayar ta wace ce? A gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, ta maigida ko ta babban ɗa, matar kuwa in tana da ita, 'yar rakani-kashi ce wadda ba ta hawa intanet. Mai neman kuɗin ciyarwa ko mai gudun duka da wayar ƙanwarta ko maƙwabciya take magana. In ofis ya mayar da amsa da yamma, "Hajiya, mun shirya takardar ƙarar," ba a san hannun da zai buɗe ba. Tambaya ta farko ga mace a irin wannan koke ita ce: wayar nan taki ce, kuma yaushe za a iya kiranki? In ba tata ba ce, kada a bar komai a rubuce, a sa lokaci a yi kira. A ɓangaren ofis a kunna lambar sirri mai lamba shida ta mataki na biyu, a kulle ajiyar da ke tafiya Google Drive da kalmar sirri, tunda ba a kulle take ba sai an zaɓa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su, kuma ƙungiyar agaji ba ta fita daga ciki ba. Zuba koken mutum a zauren lauyoyi hamsin don neman mai sa kai, da sunansa da hoton rauninsa, kuskure ne da ake yi kullum. A tura gari da nau'in laifi kawai, sauran a ba wanda ya karɓa.

Wani abin da ba laifin manhajar ba ne amma yana karya ta: in babu sabis, babu ofis. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, har tsawon makonni. Layin mai koke ma yakan mutu, kamfani ya sake sayar da shi ga wani. Don haka a karɓi lamba ta biyu tun farko, da sunan unguwa da na mai unguwa, a kuma bar layin ofis a buɗe ga kira na yau da kullum da filashin.

Ga wanda ke tunanin kafa irin wannan layi, kuɗin waya da data ba su ne matsala ba. Kafin a sanar da lambar a rediyo, a san wa zai tashi ya je idan koke ya shigo. Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a jihohi, dokarta ta 2011 kuma ta ware taimakon ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, naira 70,000 a wata tun 2024. Akwai shirin lauyoyin da ke zaga caji ofis, akwai rassan ƙungiyar lauyoyi da na lauyoyi mata ta FIDA, akwai kuma sashe na 34 na dokar 2015 da ya ɗora wa majistare ziyarar ofisoshin 'yan sanda duk wata. Sunan da aka tattara ta WhatsApp aka miƙa wa majistare kafin ranar ziyararsa yana iya fitar da mutum ba tare da an shigar da ƙara ba. A ƙidaya lauyoyin da ke hannu da yawan ofisoshin da za su iya kaiwa a mako, a sanar da lambar a iya wannan yanki, a faɗa wa jama'a sa'o'in da ake amsawa, sannan a faɗaɗa in hannu ya ƙaru.